Yadda tsoron matsafa ya sa aka riƙa ƙwace yara a Birtaniya da Amurka, da yadda mabiya addinin Wicca suka sha ukuba a kan laifin da ba nasu ba

Ranar 27 ga Fabrairun 1991, gari ko gama wayewa bai yi ba, 'yan sanda da ma'aikatan kula da walwalar yara suka dira gidaje huɗu a wani ɗan tsibiri da ake kira South Ronaldsay, cikin tsibiran Orkney can ƙurewar arewacin Sikotlan. Yara tara suka kwashe, maza biyar mata huɗu, ƙaraminsu ɗan shekara 8 babbansu 15, aka zuba su a jirgin sama aka tsallaka da su, aka rarraba su hannun mutanen da ba su taɓa gani ba, kuma aka ce babu waya babu wasiƙa tsakaninsu da iyayensu. Laifin iyayen? Wai suna haɗuwa da daddare a wani tsohon wurin fasa dutse, su yi da'ira ana kiɗa ana rawa, sai wani shugabansu mai baƙar alkyabba ya riƙa jawo yara ɗaya bayan ɗaya zuwa tsakiya ana lalata da su. Shi kuma wannan shugaban matsafan da ake faɗa ba kowa ba ne illa limamin cocin garin, Rabaran Morris McKenzie, dattijo.

To ni abin da ya daɗe yana ɗaure min kai shi ne, wannan fa ba a zamanin jahiliyyar Turawa aka yi ba, 1991 ce, akwai talabijin akwai kwamfuta akwai lauyoyi, kuma waɗanda suka yi aikin masu digiri ne da difloma ba wasu gidadawa ba. Yaya aka yi masu ilimi suka yarda da wannan labari har suka kai ga fasa gidajen mutane da sassafe? Amsar tana da tsawo, kuma ba a Sikotlan ta faro ba.

A 1980 aka buga wani littafi mai suna Michelle Remembers, wanda wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Lawrence Pazder, ya rubuta tare da wata mata da yake dubawa. A ciki matar ta ce bayan doguwar jinya ta tuno cewa tun tana 'yar shekara biyar wata ƙungiyar masu bautar Shaiɗan ta azabtar da ita a garin Victoria, an yanka jarirai a gabanta, an kulle ta a keji da macizai, kai har Shaiɗan ɗin da kansa ya bayyana. 'Yan jarida da suka bi diddigi daga baya ba su samu ko abu ɗaya da ya tabbata ba, danginta sun ƙaryata, shi kuma likitan ya rabu da matarsa ya auri majinyaciyar tasa, wanda wannan kaɗai ya isa a ce a dakata tukuna. Amma ina, littafi ya riga ya shiga kasuwa, ya sayu, Pazder ya zama gwani ana gayyatarsa yana koya wa 'yan sanda da ma'aikatan walwala yadda ake gane irin wannan ta'asa.

Shekara uku bayan nan sai ga kes ɗin McMartin, wata makarantar renon yara a Manhattan Beach ta jihar Kalifoniya. Uwa ɗaya ce ta kai ƙara a 1983 cewa wani malami ya taɓa ɗanta, matar da daga baya aka gano tana fama da taɓin hankali. Maimakon 'yan sanda su yi bincike a natse sai suka rubuta wasiƙa ga iyaye kusan 200 suka ce kowa ya je ya tambayi ɗansa ko an yi masa kaza da kaza, har da lissafo abubuwan. Ka ga an riga an zuba gishiri a rijiya ke nan. Aka tara ɗaruruwan yara ana yi musu tambayoyi da 'yar tsana, yaro ya ce ba a yi masa komai ba a ce ai abokanka duk sun faɗa kai ne dai ba ka da wayo, ya ce an yi a yaba masa a ce yawwa yaron kirki. Daga nan labarai suka fara fitowa, ramukan ƙarƙashin ƙasa, mayu masu tashi sama, yanka dabbobi. An nuna wa wani yaro hotuna a ce ya nuna waɗanda suka cuce shi, sai ya ɗora yatsa a kan Chuck Norris, eh shi dai wancan na finafinan faɗa da muka sha kallo. Shari'a ta ja har 1990, ta lashe wajen dala miliyan 15, ba a samu mutum ɗaya da laifi ba, amma malamin ya riga ya yi shekara biyar a tsare yana jiran hukunci.

Abin da ya tsallaka teku zuwa Birtaniya ba labarin kaɗai ba ne, har da kayan aikinsa. Ana shirya taruka na ƙara wa juna sani, masana daga Amurka su zo su yi lacca, wasu ƙungiyoyin Kiristoci masu zafin wa'azi su ma suna nasu, ana raba takardu masu jerin alamomin da wai in ka gani a jikin yaro to matsafa sun taɓa shi. Ka san mene ne a cikin jerin? Tsoron duhu, tsoron fatalwa da dodo, mafarkin tsoro, fitsarin kwance, yawan maganar kashi da tusa, ƙin zuwa wajen likita. Don Allah a nuna min yaro ɗan shekara biyar a duk duniya da ba shi da ko biyu daga cikin waɗannan.

Amma fa in za a yi adalci sai an faɗi ɗaya gefen. Su ma'aikatan nan ba mugaye ba ne da suka tashi da niyyar raba uwa da ɗa. Shekaru da yawa kafin lokacin, yaro ko yarinya in ta ce baba ko kawu yana taɓa ta ba a yarda, a ce ƙarya take, a rufe maganar don kare sunan gida, abin da mu ma mun san shi sarai. A shekarun 1970 da 1980 ne aka fara farkawa, sai taken ya zama a yarda da yara. Take mai kyau. Inda aka kauce shi ne aka koma ana yarda da yaro idan ya ce an yi, ba a yarda da shi idan ya ce ba a yi ba. In ya musa a ce tsoro ne, an yi masa barazana, ko kuma abin ya yi masa nauyi har ƙwaƙwalwarsa ta binne shi, saboda haka a ci gaba da tambaya har sai ya faɗa. To tsarin da eh hujja ce, a'a ma hujja ce, shiru ma hujja ce, ta ina mai gaskiya zai fita?

A Birtaniya, Nottingham ce ta fara. A unguwar Broxtowe an samu wani babban gida da da gaske ake lalata da yara tsakanin dangi, abu mai muni ƙwarai, aka kwashe yaran a 1987, aka ɗaure manya da dama a 1989, wannan ba wanda ya musa. Amma da yaran suka zauna a gidajen riƙo sai aka fara rubuta abin da suke faɗa na mayu da shan jini da yanka jarirai, ma'aikatan walwala suka ce ƙungiyar Shaiɗan ce, 'yan sanda suka ce mun tona mun duba ba mu ga komai ba, rigima ta kaure tsakaninsu. Aka kafa kwamitin haɗin gwiwa, ya gama aiki ya ce babu wata shaidar tsafi, kuma yadda ake tambayar yaran ne ya dasa musu labarin. Rahoton nan aka danne shi ba a fitar ba, shi ya sa darasin bai isa inda ya kamata ba.

Sai Rochdale a 1990, kusa da Manchesta. Wani ɗan yaro a unguwar talakawa ta Langley yana ɓuya ƙarƙashin tebur a makaranta yana maganar fatalwa, shi ke nan fa. Daga wannan aka kwashe shi da 'yan uwansa, aka bi wasu gidajen da samamen asuba, yara kusan 20 suka koma hannun hukuma. A watan Maris 1991 alƙali Douglas Brown ya ce babu wata hujjar tsafi, yaran dai suna kallon finafinan ban tsoro a bidiyo waɗanda ba na sa'anninsu ba, kuma ma'aikatan sun shiga aikin da abin da suke son ji a ransu. Shugaban sashen walwala na garin ya ajiye aiki. Amma wasu yaran ba su koma gida nan take ba, shi wanda abin ya faro a kansa sai da ya share wajen shekara goma a hannun hukuma, wato ya tafi yana yaro ya dawo yana saurayi. A 2006, bayan ta yi nasara a kotu, BBC ta nuna kaset ɗin tambayoyin, mutane suka gani da idonsu yara suna kuka suna neman iyayensu ana ta nanata musu tambaya ɗaya.

Na Orkney kuwa tushensa wani gida ne da uban ya ci zarafin 'ya'yansa da gaske aka ɗaure shi a 1987. A ƙarshen 1990 hukuma ta kwashe ƙananan yaran gidan, maƙwabta suka ga an zalunci uwar, suka tsaya mata, suna aika wa yaran wasiƙu da 'yan kyaututtuka. Wannan zumuncin shi ya ja musu, don an koma ana karanta wasiƙun a matsayin saƙon asiri, kuma daga bakin uku cikin yaran nan, bayan an yi ta zama da su, aka samo labarin wurin fasa dutse. Yara taran da aka kwashe likitoci sun duba su ba a ga alamar komai ba, kuma sun ce ba a yi musu komai ba. Ranar 4 ga Afrilu alƙali David Kelbie ya yi watsi da kes ɗin, ya ce tun daga tushe a lalace yake, ya ce abin da aka yi wa yaran titsiye ne don a tilasta su amsa, a ranar aka mayar da su gida jama'a suka cika filin jirgin Kirkwall suna tarbarsu. Babbar kotu ta ce daga baya alƙalin ya yi gaggawa tunda bai saurari shaidu ba, amma hukumar ba ta sake tada maganar ba. Binciken Lord Clyde ya fito a 1992 da shawarwari 194, ya ci kusan fam miliyan 6.

To ina Wicca ta shigo cikin wannan? Ai abin dariyar ke nan, mai ban haushi. A duk manyan kes ɗin nan uku ba wata ƙungiyar Wicca da aka kama, a Orkney ma limamin coci ne ake tuhuma. Amma duk lokacin da jarida za ta buga labarin sai ta sa hoton mutane cikin dogayen riguna a daji da kyandir da tauraro mai tsini biyar, kuma su waye ke sa irin wannan kaya a fili suna cewa mu ne? 'Yan Wicca. Sai ya zamana mai laifi ba a ganshi ba don babu shi, amma ga wasu masu kama da hoton da aka zana.

Wicca addini ne sabo, duk da masu shi kan so a ce tsoho ne. Wani Bature Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin mulkin mallaka a Malaya, shi ya fito da shi fili a 1954, shekara uku bayan Ingila ta soke tsohuwar dokar maita ta 1735. Ya ce wai ragowar addinin Turawa ne na kafin zuwan Kiristanci, amma masana tarihi irin su Ronald Hutton na jami'ar Bristol sun nuna haɗe-haɗe ne na ƙarni na 20. Suna bauta wa abin bauta mace da namiji, suna girmama wata da rana da sauyin yanayi, suna da bukukuwa takwas a shekara, suna haɗuwa a ƙananan rukuni su zana da'ira su kunna kyandir su yi abin da suke kira sihiri. Babbar ƙa'idarsu ita ce yi abin da kake so matuƙar ba ka cutar da kowa ba. Shaiɗan kuwa ba ya ma cikin aƙidarsu, cewa suke wannan na Kiristoci ne da Musulmi, mu ba mu san shi ba. Yawanci ma ba sa shigar da wanda bai kai 18 ba cikin rukuninsu na asiri. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 mutum wajen 13,000 ne suka rubuta Wicca a matsayin addini, wasu 74,000 suka rubuta Pagan, sunan babban gungun masu irin wannan bauta.

Nan akwai wani tarko na harshe da ya kamata mu Hausawa mu lura da shi. Su da bakinsu suke kiran kansu da kalmar Turancin da mu muke fassarawa da maye ko mayya. To da ka ce wa Bahaushe mayya ta je kotu tana neman a ba ta riƙon ɗanta, ai ka gama magana, don a wajenmu maye shi ne mai kama kurwa, mai cin mutum yana zaune, wanda ake titsiyewa a ce ya tsallake mara lafiya. Ba wanda ke buga ƙirji ya ce ni maye ne. Su kuwa waɗannan sun ɗauki sunan ne da gangan suna alfahari da shi, kuma in za a kwatanta abin da suke yi ya fi kusa da bautar gargajiya da ɗan bokanci, ba maita ba. Su ma Turawan kalmar tana ɗauke da tsohon kaya a kansu, na ƙarnonin da aka kashe dubban mutane a Turai bisa zargin sun ƙulla alƙawari da Shaiɗan suna cin jarirai. Wannan tsohon hoton ne ya farfaɗo a 1980, aka canza masa riga kawai.

Kuma abin bai tsaya a baki ba. A 1985 Sanata Jesse Helms ya kawo gyaran doka don a hana ƙungiyoyin irin wannan addini sassaucin harajin da ake yi wa sauran addinai a Amurka, bai kai labari ba. A 1989 gidan talabijin na ITV ya nuna wani shiri kan bautar Shaiɗan a Birtaniya, ba a daɗe ba aka cinna wa wani shagon sayar da littattafan sihiri wuta a Leeds. A 1999 da aka ji sojoji 'yan Wicca suna ibadarsu a barikin Fort Hood, George W. Bush yana gwamnan Texas a lokacin ya fito ya ce shi bai ɗauki wannan a matsayin addini ba. Alhali tun 1986 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta riga ta ce addini ne a idon doka, a shari'ar wani fursuna a Virginia. Sai a 2007, bayan an kai ƙara, gwamnati ta yarda a sa tauraronsu a kan kabarin sojojinsu da suka mutu a yaƙi.

Inda abin ya fi ciwo dai shi ne kotun iyali, kuma sai ka fahimci yadda take aiki kafin ka gane dalili. A kotun laifi sai an tabbatar ba tare da kokwanto ba kafin a ɗaure mutum. A kotun iyali ba haka ba ne, ana duba wanne ya fi rinjaye ne kawai, kuma ma'aunin shi ne maslahar yaro, kalma mai faɗi da kowane alƙali zai iya cusa ra'ayinsa a ciki. Sannan yawancin zaman a rufe ake yinsa don kare sirrin yaro, wanda abu ne mai kyau amma kuma yana nufin in an yi kuskure ba mai gani. Sannan ga lokaci, in an ɗauke yaro yau da sunan wucin gadi, kafin a gama bincike wata shida ta wuce, shekara ta wuce, ya saba da inda yake, sai a ce ai yanzu mayar da shi zai dagula masa rayuwa. Ka ga wanda ya fara jefa zargi ya riga ya ci rabin wasa ko da ƙarya yake.

Yanzu ka ɗauko miji da mata da suka rabu da tsiya, kowa na neman makamin da zai soki ɗan uwansa. Mijin da a da tare suke kunna kyandir ɗin, ko bai taɓa damuwa ba, sai lauyansa ya ɗauko hoton ɗan teburin ibadarta ya ajiye gaban alƙali, ga wuƙar ibada ga ƙoƙo ga tauraro, ya ce ranka ya daɗe a nan yaron yake kwana. Ba ya bukatar ya ce ta cuci yaron, hoton zai yi masa aikin. Shi ya sa da yawansu suka koma ɓoye addininsu, kuma ƙungiyoyinsu irin su Lady Liberty League da Selena Fox ta kafa a 1985 da Pagan Federation ta Birtaniya suka mayar da hankali wajen nemo wa mutanensu lauyoyi da wayar da kan hukumomi.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na jihar Indiana. A 2004 wasu ma'aurata a Indianapolis suka rabu, dukkansu biyun 'yan Wicca ne, ba su da saɓani ko kaɗan a kan addinin ɗansu, ba wanda ya kai ƙarar wani a kan haka, ba wanda ya ce an cuci yaron. Ofishin da ke ba kotu shawara ne ya rubuta cewa yaron yana makarantar Katolika, iyayen kuma ga abin da suke bi, wai wannan zai rikita shi. Kawai sai alƙali Cale Bradford ya saka a takardar saki cewa an hana su biyun nuna wa yaron duk wata aƙida ko ibada da ba ta gama-gari ba. Bai ma fayyace mece ce ta gama-garin ba. Uwa da uba da suka kasa zaman aure suka haɗu a kan wannan, aka ɗaukaka ƙara, a watan Agustan 2005 kotun sama ta soke sharaɗin, ta ce dokar jihar ta bar wa mai riƙon yaro zaɓin tarbiyyar addininsa sai dai in an nuna lafiyar jikinsa ko ta tunaninsa tana cikin haɗari, kuma ba a nuna ba. Shi alƙalin bayan shekara biyu aka ɗaga shi zuwa wannan kotun ɗaukaka ƙarar, duniya ke nan.

Na san wani zai ce to kai ina ruwanka da matsafa, su ƙarata can. Ni Musulmi ne, abin da suke yi a wajena shirka ce ba kwana-kwana, ba zan so ɗana ya bi hanyar ba ko da wasa. Amma ka sake karanta sharaɗin alƙalin nan, addinin da ba na gama-gari ba. A Indiana, a ƙauyen Sikotlan, wa kake tsammani yake cikin wannan layin bayan 'yan Wicca? Uban da ke tashin ɗansa sallar asuba cikin sanyi, uwar da 'yarta 'yar shekara goma ke gwada azumi, gidan da ake yanka rago a tara jini a rami, ana tofi a ruwa a ba yaro ya sha, ana rataya masa laya. Ka ba ma'aikacin da bai taɓa ganin wannan ba takarda da biro ka ce ya rubuta abin da ya gani, wallahi rahoton da zai fito sai ya ba ka tsoro kai kanka. Dokar da ta ce sai an nuna cutarwa ba wai baƙon addini ba, ita ce dai take kare 'yan uwanmu da ke zaune a can, in gemun ɗan uwanka ya kama da wuta ai ka san sauran.

Da ƙura ta lafa an zauna an ƙirga. Gwamnatin Birtaniya ta ba Farfesa Jean La Fontaine aikin, masaniyar al'adun al'umma wadda ta yi bincike a Yuganda da Kwango, wato ta san yadda zargin maita ke yaɗuwa a gari tun kafin ta ganshi a ƙasarta. Rahotonta na 1994 ya duba kes 84 da aka ce akwai tsafi a ciki, ba ta samu ko ɗaya da ya tabbatar da ƙungiyar masu bautar Shaiɗan ba. Guda uku ne aka ga wani abu mai kama da tsafi, su ma ɗin mutum ne mai lalata da yara yake amfani da shi don ya tsorata su ko ya yaudare su. Ta kuma lura yawancin gidajen da aka kwashe wa yara matalauta ne fitik, waɗanda ba su da bakin kare kansu. A Amurka Kenneth Lanning na FBI, wanda da farko ya ɗauki zargin da muhimmanci, ya rubuta a 1992 cewa shekaru ana tono ba gawa ba ƙashi ba jini. Wani bincike na 1994 ya bi zarge-zarge sama da 12,000 bai samu wanda ya tabbatar da irin wannan ƙungiya ba.

Waɗancan ukun na La Fontaine kar a raina su, don irinsu na faruwa. A 2011 kotu a Swansea ta ɗaure wani mutum daga garin Kidwelly na Wales da ya kafa 'yar ƙungiyarsa ta asiri yana lalata da yara shekara da shekaru, a 2012 aka ɗaure wasu dattawa biyu a Cornwall da suka fake da rigunan irin wannan bauta. Amma duba yadda aka kama su, waɗanda aka cuta ne suka fito da bakinsu, aka yi bincike irin na kowane laifi, aka kawo shaidu. Ba jerin alamomi, ba titsiye yaro. Mugu yakan sa rigar da ta samu ne, wani ta limamin coci, wani ta malam, wani ta kocin ƙwallo.

Kuma ana can ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Yaran da maganar maita ta kashe da gaske a Ingila ba mayu ne suka kashe su ba, su aka ce wa mayu. Victoria Climbié, 'yar shekara 8 daga Kodebuwa, ta rasu a Landan a Fabrairun 2000 da tabo 128 a jikinta, a hannun 'yar uwar kakanninta da saurayin matar, waɗanda ke cewa aljanu ne a jikinta. Ma'aikatan walwala sun san da ita, 'yan sanda sun sani, asibiti biyu sun ganta, ba wanda ya zo da asuba ya ɗauke ta.

An gyara wasu abubuwa, ba laifi. Dokar yara ta 1989 da ta fara aiki a Ingila a 1991 ta rage kwanakin da za a iya riƙe yaro cikin gaggawa daga 28 zuwa 8, a 1992 aka fitar da ƙa'idar yadda ake yi wa yaro tambaya a gaban kyamara ba tare da an sa masa magana a baki ba, Sikotlan ta yi tata dokar a 1995. Amma labarin bai mutu ba, intanet ma ta ƙara masa rai. A 2014 aka ɗauka, a farkon 2015 kuma aka saki bidiyon wasu yara biyu a unguwar Hampstead ta Landan suna cewa babansu shugaban matsafa ne, ana yanka jarirai a makarantarsu da cocinsu, miliyoyi suka kalla. A 2015 mai shari'a Pauffley ta gano rikicin riƙon yara ne, uwar da saurayinta ne suka azabtar da yaran har suka haddace labarin. Duk da hukuncin, iyaye da malaman makarantar sun yi shekaru suna shan barazana daga mutanen da ba su taɓa taka unguwar ba.

A Orkney, da komai ya wuce, 'yan sanda suka dawo da kayan da suka kwashe a matsayin shaida. A ciki akwai kaset ɗin wani shirin barkwanci na talabijin, da littafin labarin ɗan sanda mai bincike, da wani gicciyen katako wanda ashe jirgin sama ne na wasa da wani yaro ya haɗa da itace biyu. Aka miƙa wa Rabaran McKenzie takarda ya sa hannu cewa an mayar masa da abin rufe fuska uku, hular rufe kai biyu, da baƙar alkyabba ɗaya. Dattijon ya ƙi. Ya ce sai an rubuta abin da suke, abin rufe fuskar na wasan Kirsimeti ne da yara ke yi a coci, hulunan na rigar kammala jami'a ne, alkyabbar kuma rigarsa ce ta limanci. Sai da aka sake rubutawa sannan ya karɓi biro.